Yadda Ake Gano Matsalar Matacin Sauti Bayan An Sauya Kayan Fedal ɗin Jita na Haɗin Gida

Duk wanda ya haɗa fedal ɗin jita da hannunsa, wato ƙaramin akwatin lantarki da ake takawa da ƙafa don sauya sautin jita, ba ya daɗewa kafin ya fara son sauya masa murya, ko dai ya ƙara masa kauri, ko ya rage masa kaifin da ke sukar kunne. Kusan dukkan irin waɗannan sauye-sauye a kan mataci suke faɗawa, wato ɓangaren da'irar da ke barin wani sashe na sauti ya wuce, ya danne wani. A nan ne kuma mai koyo ya fi yawan yin tuntuɓe: ya cire kafasita ɗaya ya sa wata, sai fedal ɗin ya shaƙe kamar an rufe shi da bargo, ko ya yi siriri, ko ya fara kuwwa, ko ya yi tsit gaba ɗaya. A gyare-gyaren da na yi, da wuya na tarar cewa wani abu ne ya ƙone. Galibi ƙima ce aka karanta ba daidai ba, ko dalma ta haɗa layuka biyu, ko kuma an manta cewa mataci ba ya aiki shi kaɗai, domin kayan da ke gabansa da bayansa suna da hannu a cikin aikinsa.

Kayan da za ka tanada

Abu na farko shi ne zanen da'irar fedal ɗin, a kan takarda, domin za ka riƙa rubuta abin da ka auna a gefen kowane abu. Sai mita mai auna bolt da om, wadda ke da wurin gwada haɗuwar layi mai yin ƙara. Idan tana auna kafasita ma, ya fi kyau, amma ba dole ba ne. Kana buƙatar ƙarfen narka dalma mai siririn baki, da dalma, da abin zuƙe dalma ko igiyar tagulla mai tsotse ta, da gilashin ƙara girma, da sabon batir mai 9V, da ƙaramar amfilifaya ta gwaji, da wayoyi biyu ko uku masu bakin kada don kama ƙafafun kaya. Ka kuma ajiye 'yan kafasitoci da rezistoci na ƙimomin da aka fi amfani da su.

Akwai kayan aiki guda wanda da kanka za ka haɗa shi, shi ne tsinken sauraro. Ka sami tsohon kebul na jita, ka yanke kansa ɗaya, ka liƙa kafasita mai 100nF a kan wayar tsakiya ta yadda ɗaya ƙafar kafasitar za ta zama tsinken da kake taɓa wurare da shi, sannan ka ɗaura waya mai bakin kada a kan ragar da ke kewaye da kebul ɗin. Bakin kadan zai kama layin ƙasa na fedal, wato layin da nagatif ɗin batir ke haɗuwa da shi, ɗaya kan kebul ɗin kuma ya shiga amfilifaya. Kafasitar nan ita ce ke hana wutar DC isa ga amfilifaya, don haka kada ka tsallake ta. Ka kuma rage murya sosai kafin ka fara taɓawa, saboda wasu wurare a cikin fedal suna da ƙarfin sauti fiye da abin da jita ke fitarwa nesa ba kusa ba.

Don samun sautin gwaji, manhajar fitar da sauti mai tsayayyen amo a wayar salula ta wadatar, a jona ta da bakin shigar fedal, a rage ƙarfinta zuwa kusan 100mV ko 200mV. Idan babu, ka ɗauki kiɗan jitarka a waya ka sa ya riƙa maimaituwa, domin hannu biyu ba za su iya kaɗa jita da riƙe tsinke a lokaci guda ba. Gargaɗi guda kafin a fara: wutar 9V ta fedal ba ta da haɗari ga jiki, amma kada wannan ya sa ka buɗe cikin amfilifaya, musamman mai kwalabe, wato bututan gilashi masu ƙarfafa sauti, domin kafasitocinta na iya riƙe wutar da ke kisa ko bayan an cire ta daga soket.

Lissafin da ba makawa sai da shi

Mafi yawan matatan fedal rezista ɗaya ce da kafasita ɗaya. Idan sauti ya bi ta rezista, kafasita kuma ta sauka zuwa layin ƙasa, to kaifi ne ake zubarwa, kauri ya wuce. Idan kuwa sauti ya bi ta kafasita, rezista ce ta sauka ƙasa, to kauri ake tarewa, kaifi ya wuce. Wurin da mataci ke fara yanka shi ne iyakarsa, ana auna ta da Hz, kuma hanyar samo ta mai sauƙi ce: ka ninka ƙimar rezista a kilo-om da ƙimar kafasita a nanofarad, sannan ka raba 159,000 da abin da ka samu. Rezista mai 10k da kafasita mai 22nF suna ba da 220, iyakarsu ke nan kusan 723Hz. A daidai iyakar, ƙarfin sauti yana sauka zuwa kashi bakwai cikin goma na yadda ya shigo, daga nan kuma ya ci gaba da raguwa sannu a hankali, ba yankewa yake yi farat ɗaya ba. Don ka san inda kake, tsirkiyar jita mafi kauri tana kan 82Hz idan ba a danne ta ba, mafi siririya kuma kusan 330Hz, kaifin da kunne ke ji kuwa yana can sama a dubbai.

Mataki na 1: Ka tantance ainihin alamar matsalar

Kafin ka kunna ƙarfen dalma, ka saurari fedal ɗin ka rubuta abin da yake yi a cikin jimla guda: babu sauti sam, ko sauti ya shaƙe, ko ya yi siriri, ko murya ta ragu ƙwarai, ko mamurɗin sauya amo ba ya yin komai, ko akwai kuwwa da gurnani. Ka kuma rubuta duk abin da ka sauya tun lokacin da fedal ɗin yake aiki lafiya. Idan abubuwa uku ko huɗu ka sauya a zama ɗaya, shawarata ita ce ka mayar da su yadda suke, ka bar guda ɗaya kawai, sannan ka riƙa ƙarawa ɗaya bayan ɗaya kana saurare. Wannan yana cin lokaci, amma bai kai lokacin da ake ɓatawa wajen neman laifi a wurare huɗu da ke shafar juna ba. Ka gwada fedal ɗin a kashe, inda sauti ke wucewa kai tsaye. Idan a nan ma babu sauti, matsalar tana ga jak ko makunnin ƙafa ko kebul, babu ruwan mataci.

Mataki na 2: Ka auna wuta da ƙarfin tsakiya

Ka sa sabon batir, ka kuma cusa kebul a bakin shiga, domin a yawancin fedaloli jak ɗin shiga ne ke haɗa batir da da'ira, kuma masu koyo da yawa suna auna allo su ga babu wuta alhali kebul ne kawai ba su saka ba. Idan da adafta kake aiki, ka tabbata irin ta fedal ce wadda tsakiyar bakinta ke ɗauke da nagatif. Baƙin tsinken mita ya zauna a layin ƙasa, ja kuma ya riƙa zagayawa.

Idan matacinka yana kewaye da aisi, wato ƙaramin guntun lantarki mai ƙafafu da yawa, mai ƙarfafa sauti irin TL072 ko JRC4558, ƙafa ta 8 za ta nuna kusan 9V, ƙafa ta 4 kuma sifiri. Sauran ƙafafun shida, wato 1, 2, 3, 5, 6 da 7, ya kamata su tsaya kusa da 4.5V, wanda shi ne ƙarfin tsakiya da rezistoci biyu masu ƙima ɗaya ke samarwa ta hanyar raba wutar batir biyu. Idan ƙafar fita, ta 1 ko ta 7, ta haura kusa da 8V ko ta faɗi kusa da ƙasa, aisin ba shi da filin motsi, kuma sautin zai riƙa tsinkewa ko ya ɓace. Abin da ya fi jawo haka bayan gyara shi ne a mayar da ƙafar wata rezista zuwa layin ƙasa alhali layin 4.5V ya kamata ta je, ko dalma ta haɗe ƙafafu biyu na kafasitar da ke tare wutar DC.

A nan akwai wani abu da ke ruɗar mutane. Ƙafa ta 3 sau da yawa tana samun ƙarfin tsakiya ne ta rezista mai girma, kamar 1M, wato om miliyan ɗaya, kuma mitar kanta tana jan wuta kaɗan idan ta taɓa wurin. Mita mai juriyar ciki 10M za ta nuna kusan 4.1V, ƙaramar mita mai juriyar 1M kuwa za ta nuna kusan 2.2V, alhali da'irar lafiyarta ƙalau. Don haka kada ka yanke hukunci da ƙafa ta 3 ita kaɗai. Ka dubi ƙafar fita, idan tana kan 4.5V to ƙarfin tsakiya ya zauna daidai.

Mataki na 3: Ka sake karanta ƙimar duk abin da ka saka

A wannan mataki na fi samun laifi, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa saboda mutum yana da yaƙinin ya duba. Lambobi ukun da ke jikin ƙananan kafasitoci a fikofarad suke, lamba ta uku kuma tana faɗin yawan sifirin da za a ƙara. Saboda haka 102 shi ne 1nF, 103 shi ne 10nF, 104 shi ne 100nF, 223 shi ne 22nF, 472 shi ne 4.7nF, 473 kuma 47nF. Bambancin lamba ɗaya tak yana ninka iyakar mataci sau goma. Na taɓa kwashe yamma guda ina bin wani fedal da ya rasa kauri gaba ɗaya, na sake narka kusan kowane liƙi a allon, sai daga ƙarshe gilashin ƙara girma ya nuna mini 472 a inda 473 ya kamata ta zauna. Iyakar da nake tsammani a 720Hz ta koma sama da 7,000Hz. Harafin da ke bin lambobin yana nuna sassauci: J kashi 5 cikin ɗari, K kashi 10, M kashi 20. Idan lissafinka ya ce 720Hz kunnenka kuma ya ji ɗan bambanci, wannan sassaucin ne, ba laifi ba.

Rezista kuwa kada ka dogara da launukan jikinta a ƙarƙashin fitila mai rauni, domin ja da ruwan lemo da ruwan ƙasa suna kama da juna. Ka auna ta da mita bayan ka cire wuta. Idan tana liƙe a allo, mita na iya nuna ƙimar da ta gaza ta gaskiya saboda wasu kayan da ke jone a gefenta, don haka ka ɗaga ƙafa ɗaya kafin ka auna. Ƙimar da ta fi wadda aka rubuta girma sosai kuwa alama ce ta cewa ba ita ce ka nufa ba, ko ta lalace. Kafasita mai ruwa, wadda ke da siffar ganga, tana da gaba da baya: ratsin jikinta yana nuna nagatif, kuma ɓangaren fozitif ne ke fuskantar inda wutar DC ta fi yawa.

Idan ba ka da ƙimar da zane ya nema, ba sai aiki ya tsaya ba. Kafasitoci biyu da aka jera kafaɗa da kafaɗa ƙimarsu haɗuwa take yi, don haka 22nF biyu suna ba da 44nF, wanda ya kusa da 47nF ƙwarai. Biyu masu ƙima ɗaya da aka jera ɗaya bayan ɗaya kuma suna ba da rabi. Rezistoci akasin haka suke.

Mataki na 4: Ka dubi bayan allo

Ka juya allon a ƙarƙashin haske mai kyau ka bi kowane liƙi da ka taɓa da gilashi. Liƙi nagari yana da santsi, ya rungume ƙafar da tagullar allo tare. Wanda ya dunƙule kamar ƙwallo ko ya tsage a gefe, sai a sake narka shi da 'yar sabuwar dalma. A allo mai dogayen layukan tagulla, ka ja bakin wuƙa a tsakanin layuka, sannan ka gwada kowane layi da maƙwabcinsa da mita, ka kuma tabbatar cewa wuraren da ya kamata a yanke sun yanku sarai, domin zaren tagulla da ido ba ya gani ya isa ya tsallake kafasita ya kashe mataci. A allon da aka buga, yawan cirewa da sakawa yana ɗaga zoben tagullar da ke kewaye da rami. Idan hakan ta faru, ka ja siririyar waya daga ƙafar kai tsaye zuwa abu na gaba a kan zane. Zafin kusan digiri 350 na ma'aunin Selsiyas ya isa, kuma kada bakin ƙarfe ya wuce daƙiƙa uku a kan ƙafa ɗaya.

Mataki na 5: Ka bi sautin da tsinken sauraro

Yanzu ka kunna sautin gwaji, ka ɗora zane a gabanka, ka fara daga jak ɗin shiga kana taɓa kowace mahaɗa bi da bi zuwa wajen fita. Abin da kake nema shi ne wuri na ƙarshe da sauti yake daidai da wuri na farko da ya lalace. Laifin yana tsakaninsu. Ka taɓa gaban mataci, ka taɓa bayansa, ka kwatanta da kunne. Da manhajar sauti, ka gwada amo uku: ɗaya ƙasa da iyakar da ka lissafa sosai, ɗaya a kanta, ɗaya sama da ita sosai. Mataci mai zubar da kaifi wanda iyakarsa ke kusa da 700Hz zai bar 100Hz ya wuce kusan yadda yake, ya rage 700Hz kaɗan, ya danne 5,000Hz a fili. Idan dukkan ukun sun wuce da ƙarfi ɗaya, kafasitar ba ta kai ga layin ƙasa ba. Idan dukkansu sun ɓace, akwai abin da ya haɗa layin sauti da ƙasa kai tsaye. Kada ka yi mamaki idan ka ji shiru a ƙafar shiga ta aisi mai alamar ragi a wasu da'irori, domin a tsarin da ke juya sauti haka wannan ƙafar take ko da komai lafiya. Ban ba da shawarar dogaro da wurin auna AC na ƙaramar mita a nan ba, saboda yawancinsu don wutar gida aka yi su, kuma lissafinsu yana kaucewa idan amo ya wuce 'yan ɗaruruwan Hz.

Mataki na 6: Ka lissafa tare da maƙwabtan mataci

Idan ƙimomi daidai suke, liƙi lafiya, amma sautin bai zama abin da ka zata ba, to lokaci ya yi da za ka dubi abin da ke kewaye. Misalin da ya fi bayyana wannan shi ne da'irar fedal ɗin Tube Screamer, wadda mutane da yawa ke kwaikwayo a gida. A sashen da ke ƙara ƙarfi akwai rezista mai 4.7k da kafasita mai 47nF, waɗanda ke sa iyaka a kusan 720Hz, kuma shi ya sa fedal ɗin ba ya cika kauri. Mai son ƙarin kauri yakan mayar da kafasitar zuwa 100nF, iyaka ta sauko kusan 340Hz, wannan daidai ne. Amma wanda yake son ƙarin gurzar sauti yakan rage rezistar zuwa 2.2k, bai san cewa ita ce rabin matacin ba, sai iyaka ta haura sama da 1,500Hz, fedal ya yi siriri, ya fara zargin aisi. Maganin shi ne idan ka rage rezistar da rabi, ka ninka kafasitar biyu: 2.2k da 100nF suna mayar da kai 723Hz.

Haka abin yake a bakin fita. Kafasitar ƙarshe da mamurɗin murya mataci ne, ko da zane bai kira su haka ba, domin mamurɗi ma rezista ce da ake murɗawa. Kafasita mai 100nF da mamurɗi mai 100k suna yanka a 16Hz, inda kunne ba ya ji. Ka sauya mamurɗin zuwa 10k kawai, iyaka ta koma 159Hz, ta cinye kaurin tsirkiyoyin ƙasa. A ɗaya ɓangaren kuma, idan sashen da ke gaban mataci mai zubar da kaifi yana da juriyar fita mai yawa, kamar tiransista mai babbar rezista a kanta, wannan juriyar tana ƙaruwa a kan rezistar matacin, iyaka ta sauko ƙasa da lissafinka, sauti ya fi duhu.

Raguwar murya ma sau da yawa ba laifi ba ce. Matacin fedal ɗin Big Muff yana gauraya hanyoyi biyu ta mamurɗi mai 100k: a wani sanannen tsarinsa, 39k da 10nF suna zubar da abin da ya haura kusan 400Hz, 3.9nF da 22k kuma suna tare abin da ya gaza kusan 1,850Hz, sai a sami rami a tsakiya. Irin wannan mataci yana cinye ƙarfin sauti mai yawa, shi ya sa a da'irar asali aka sa tiransista a bayansa don ta maido da murya. Wanda ya ɗauko matacin kaɗai ya dasa a wani fedal ba tare da wannan sashen ba zai ji murya ta faɗi, kuma babu sauya kafasitar da zai magance hakan sai an ƙara sashen ƙarfafawa.

Mataki na 7: Ka gwada mamurɗi

Ka cire wuta, ka auna tsakanin ƙafafu biyu na gefe don ganin cikakkiyar ƙimarsa, sannan ka auna tsakanin ta tsakiya da ta gefe kana murɗawa a hankali. Lambar ta riƙa tafiya ba tsalle. Idan yana aiki a juye, ka musanya wayoyin ƙafafun gefe, amma ka fara duba zane, domin a fedal ɗin ProCo RAT da gangan murɗawa dama ke rage kaifi, inda mamurɗi mai 100k da rezista mai 1.5k da kafasita mai 3.3nF ke jan iyaka daga kusan 32,000Hz zuwa 475Hz. Idan duk sauyin ya taru a ƙarshen murɗawa, nau'in mamurɗin ne bai dace ba. A yawancin waɗanda ake samu yanzu, B yana nufin mai tafiya daidai wa daida, A mai farawa a hankali, C kuma akasin A. Ƙarar ƙaiƙayi yayin murɗa sabon mamurɗi kuwa alama ce ta cewa wutar DC tana ratsa shi. Ka auna bolt tsakanin ƙafafunsa, ka duba kafasitar da ke gabansa ko an juya ta ko tana yoyo.

Mataki na 8: Kuwwa, gurnani da ƙarar makunni

Kuwwa mai kaifi bayan gyara yawanci tana zuwa ne idan ka buɗe wa kaifi hanya a da'ira mai ƙarfi sosai, sai sautin fita ya koma shiga. Ka raba wayar shiga da ta fita, ka gajarta su, ka motsa su da tsinken katako kana saurare. Idan amon kuwwar ya sauya, ka samo wurin. Ƙaramar kafasita tsakanin 47pF da 100pF a kan rezistar da ke komawa daga fitar aisi zuwa shigarsa tana kwantar da ita, haka ma 100nF daga ƙafa ta 8 zuwa ƙasa, a kusa da aisin. Gurnani mai kauri na 50Hz ko 60Hz daga wutar gida yake, kuma al'ada ce a ji shi idan allo yana waje, don haka kada ka yanke hukunci sai ka mayar da shi cikin akwatin ƙarfe da ke jone da layin ƙasa. Idan gurnanin ya ɓace da batir ya dawo da adafta, adaftar ce.

Idan ka sa makunni don zaɓa tsakanin kafasitoci biyu kuma yana yin ƙara mai ƙarfi a duk lokacin da ka taɓa shi, dalilin shi ne kafasitar da ke zaune a gefe ba ta riƙe da irin wutar da ke kan layin, sai ta cika ko ta zube nan take idan an jona ta. Ka sa rezista mai 1M a kan bakunan makunnin na kowace kafasita, ta yadda za ta riƙa cika a hankali ko ba a zaɓe ta ba. Wasu kafasitocin yumɓu masu babbar ƙima kuma suna ɗaukar girgiza kamar makirfo; ka ƙwanƙwasa su da tsinken katako, wadda ta yi ƙara a amfilifaya ka maye gurbinta da ta leda mai ƙima ɗaya.

Bayan ka gano laifin, idan har yanzu kana neman ƙimar da ta fi yi maka daɗi, kada ka ci gaba da narkawa da cirewa a rami ɗaya. Ka liƙa ƙananan soket biyu a ramukan kafasitar, ko ka fito da wayoyi biyu gajeru masu bakin kada, ka gwada ƙimomi uku ko huɗu da jitarka da amfilifayarka a irin muryar da ka saba kiɗa da ita. Wadda ka zaɓa sai ka liƙe ta sosai, ka rubuta sabuwar ƙimar da sabuwar iyakar a kan zanen, ka sake auna ƙafafun aisi sau ɗaya, sannan ka rufe akwatin.